Tambaya Kan Abincin Mutanen Kerala: Me Tsohuwa Bakatsiniya Za Ta Iya Ci A Can?

Ɗan Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zama a kudancin Indiya, ko suka yi mu'amala da mutanen can har suka san cimarsu. Likitoci sun ce sai an yi wa mahaifiyarmu aikin gwiwa, kuma bayan dogon shawarwari tsakanin 'yan'uwa an tsayar da wani asibiti a birnin Koci da ke jihar Kerala. Ni da ƙanwata ne za mu raka ta a ƙarshen watan Agusta, kuma an ce mu yi shirin zaman mako shida. Takardu sun kammala, masauki ma an samu, abin da ya hana ni barci yanzu shi ne abinci.

Hajiya ta haura shekara saba'in, kuma tun tasowarta ba ta san wani abu ba sai tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, da fura, da waina ranar Juma'a. Tana da gyambon ciki, saboda haka ba ta shiri da yaji ko kaɗan. Lokacin da ta je aikin Hajji kusan shayi da burodi ne suka riƙe ta har ta dawo, ta rame ƙwarai, ga shi kuma wannan karon jinya za a yi, wadda ke buƙatar mutum ya ci ya ƙoshi. Ni kuwa iyakar sanina da abincin Indiya shi ne capati da wata miyar wake mai yaji da na taɓa ci a Dubai. Don Allah mene ne ainihin abin da Malayali, wato mutanen Kerala, suke ci safe da rana da dare? Yaya batun halal yake? Idan kuma da wani abin marmari da ya cancanci a riƙo a matsayin tsaraba, ina so a faɗa mini.

Tsohon Ɗalibin Kalikut ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Na yi shekara huɗu ina karatu a Kozhikode, garin da aka fi sani da Kalikut, a arewacin jihar, kuma abu na farko da zan ce maka shi ne ka cire capatin nan daga ranka. Capati cimar arewacin Indiya ce, inda ake noman alkama. Kerala ƙasa ce siririya tsakanin Tekun Arabiya da duwatsu, ruwan sama yana sauka a cikinta kamar da bakin ƙwarya, kuma abincinta ya ginu ne a kan shinkafa da kwakwa da kifi da ayaba. Wanda ya tashi da waina da sinasir da dambu zai ga dangin abincinsa a can fiye da yadda zai gani a Makka.

Bari in fara da karin kumallo, domin a nan ne nake ganin Hajiya za ta fi samun sauƙi. Akwai abin da suke kira appam. Ana jiƙa shinkafa a niƙa ta da kwakwa, a bar ƙullun ya kwana ya tashi, sannan a zuba ludayi guda a wani ƙaramin kasko mai zurfi, a juya kaskon da hannu biyu har ƙullun ya bi gefe, a rufe. Ba a juya shi, gefe ɗaya kawai yake gasuwa, sai ya fito tsakiyarsa da kauri da taushi, bakinsa kuma sirara mai ƙaras-ƙaras. Ranar da aka fara ajiye mini shi a ɗakin cin abincin makaranta na ce wa abokin zamana ai wannan sinasir ne. Ana cin sa da wata farar miya da suke kira ishtu, wadda ake yi da dankalin turawa da albasa da ɗanyar citta da madarar kwakwa, wani lokaci da kaza ko naman akuya a ciki. A duk miyoyin Kerala ita ce mafi sanyin baki, kuma da ita nake ba da shawarar a fara.

Na biyu shi ne puttu, wanda ba shi da maraba da dambun shinkafa sai a siffa. Garin shinkafa ne ake yayyafa wa ruwa da gishiri, a zuba a cikin wani bututun ƙarfe, ana sa gari ana sa gurzajjiyar kwakwa bi da bi, a kafa bututun a bakin tukunyar ruwa mai tafasa. Da zarar tururi ya fito ta hujin murfin, ya nuna, sai a turo shi da tsinke ya faɗo a faranti kamar guntun rake. A da da gora ake yin bututun. Abokin tafiyarsa shi ne kadala, miyar wani baƙin wake mai kama da gujiya, amma tana da yaji, don haka Hajiya ta ci nata yadda yara da tsofaffin can suke ci, wato a murmushe shi da nunanniyar ayaba da ɗan sukari. Akwai kuma idiyappam, ƙullun garin shinkafa da ake matsewa ta cikin wani abu mai ƙananan huji ya fito kamar taliyar hannu, a turara shi. Babu mai a cikinsa, kuma ana iya zuba masa madarar kwakwa kawai.

Da rana shinkafa ce, amma kada ka yi tsammanin doguwar basmati. Tasu ana kiranta matta, gajera ce mai ƙiba, jaja-jaja, an turara ta da ɓawonta kafin a casa, kusan irin shinkafarmu ta gida. Idan ka ce a ba ka oonu, za a kawo ta da ƙananan miyoyi da yawa a kewaye. Ga marar lafiya kuwa kanji suke bayarwa, wato shinkafar da aka dafa da ruwa mai yawa har ta yi laushi ana sha da cokali, da ɗan koren wake a gefe. Akwai kuma moru, wato tsala, wanda ake zubawa a kan shinkafa. Kada ka firgita idan an kawo muku ruwan sha da ɗumi kuma launinsa ja-ja. Tafasa shi ake yi da wani itace da suke kira pathimugam, ni ma da farko na mayar da kofin ina zaton ba a wanke shi ba.

Batun halal kuwa, Musulmi sun ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jihar bisa ƙidayar 2011, kuma Musuluncinsu tsoho ne, ta hanyar fataken Larabawa masu sayen kayan yaji ya shigo. A garin Kodungallur, wanda ba shi da nisa da Koci, akwai masallacin Cheraman da mutanen wurin suke cewa shi ne na farko a Indiya. Gidajen abincin Musulmi suna ko'ina, kuma saɓanin jihohi da dama na ƙasar, ana sayar da naman shanu a fili, ko da yake sau da yawa na ɓauna ne. Abu biyu ne za ka kiyaye. Wasu gidajen abincin Kiristoci suna dafa alade. Sannan a gargajiyance da bammin kwakwa, wanda suke kira kallu, ake tayar da ƙullun appam a wasu gidaje, har akwai nau'in da ake kira kallappam. Yawanci yanzu yis ake sawa, amma tambaya ba ta ɓaci. Ka kuma haddace kalma biyu, erivu venda, ma'ana ba a son yaji, sai dai ka sani cewa abin da mai dafa abincin Kerala yake kira marar yaji zai iya sa Bakatsine hawaye, musamman a jar miyar kifi.

Kai da ƙanwarka kuma kada ku dawo ba ku ci biriyanin garin Talasseri ba, wato dafa-dukan shinkafa da nama. Musulmin Malabar, wato arewacin Kerala, waɗanda ake kira Mappila, su ne gwanayensa. Da wata ƙaramar shinkafa mai ƙamshi da ake kira kaima ake yin sa, da man shanu da soyayyiyar albasa da kashu da zabibi, a rufe tukunya ruf a bar shi ya turara. Bayansa sai a kawo sulaimani, baƙin shayi da lemon tsami. Na ci biriyani a garuruwa da dama na Indiya, ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba.

Malam Mai Ritaya, Daura, ya amsa:

Salamu alaikum. Yaro, Allah ya yi maka albarka da wannan ɗawainiya da kake yi da mahaifiyarka. Ni ban taɓa taka Indiya ba, amma na ci abincin Kerala a nan ƙasar Daura tun kafin a haifi yawancinku. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 makarantun sakandaren Arewa cike suke da malamai Indiyawa masu koyar da lissafi da kimiyya, kuma da yawansu daga Kerala suka fito. Lokacin da na fara koyarwa, gidana yana jikin na wani malamin lissafi Kirista da maiɗakinsa, muka yi shekara biyar muna maƙwabtaka.

Abin da ya fara haɗa mu shi ne rogo. Wata ranar kasuwa na gan shi ya ɗauro rogo a bayan babur, na yi mamaki, domin a zatona baƙo irinsa ba zai kalli abincin talaka ba. Ya ce mini a garinsu kappa ake kiransa, kuma shi ne ya raine shi. Matarsa takan dafa rogon ta tsiyaye ruwan, ta dama shi da niƙaƙƙiyar kwakwa da kurkum da tafarnuwa da ɗanyen barkono har ya yi kamar fate mai kauri, a ci da miyar kifi. Miyar a tukunyar ƙasa take yin ta, tana jefa wani baƙin abu busasshe mai tsami da suke kira kudampuli, wanda take ɓoyo a gwangwani kamar zinariya domin daga gida ake aiko mata. Idan ya ƙare sai ta koma ga tsamiyarmu tana ƙorafin cewa ba ɗaya ba ne. Ba ta yarda a ci miyar ranar da aka dafa ta, sai ta kwana. Ni kuma na koya musu ƙwaɗon rogo da ƙuli-ƙuli, mijin ya karɓe shi hannu biyu, matar kuwa ta ce ya bushe da yawa.

Shi ne ya ba ni tarihin yadda rogo ya kafu a wurinsu, daga baya kuma na karanta na tabbatar. Wani sarkin Travancore, tsohuwar masarautar kudancin Kerala, mai suna Visakham Thirunal, wanda ya yi mulki daga 1880 zuwa 1885, shi ne ya ƙarfafa wa talakawansa noman rogo domin maganin yunwa. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, Japan ta kama Burma a 1942, shinkafar da ake kawowa daga can ta yanke, sai rogo ya zama abin da ya riƙe mutane. Duk wanda ya ga yunwar 1973 a ƙasar nan ya san irin wannan labari ba sai an fassara masa ba.

Tun da ka ce ƙarshen Agusta za ku tafi, mai yiwuwa ku tarar da bikin Onam, wanda yake faɗowa tsakanin Agusta da Satumba. Bikin kaka ne na kwana goma, suna tunawa da wani sarki na tatsuniyarsu mai suna Mahabali, kuma ranar ƙarshe ake yin walimar da suke kira sadya. Maƙwabcina ya taɓa yi mana ita sau ɗaya, bayan ya sa an nemo masa ganyen ayaba daga wani lambu da ƙyar. A ƙasa aka zauna, aka shimfiɗa wa kowa ganye, tsininsa yana hagun mai ci, aka jera abubuwa kaɗan-kaɗan kowanne da gurbinsa. A can ƙasarsu sukan haura kala ashirin, mu dai tara muka samu. Babu nama ko kifi a ciki. Na riƙe sunan avial, wato kayan lambu iri-iri da aka yanka dogo-dogo aka dafa da kwakwa da kindirmo, da thoran, wanda kabeji ne aka yanka ƙanana aka soya sama-sama da kwakwa, da olan, farar miyar kabewa da wake wadda ko jariri zai iya sha. Aka rufe da payasam, wani kunu mai kauri na madarar kwakwa da mazarƙwaila. Da hannun dama ake ci, ba cokali, idan an gama kuma a naɗo ganyen ta wajen mai ci, alamar an gode. Asalin bikin na Hindu ne, don haka halartarsa kowa ya tambayi malaminsa, amma irin wannan abinci ana sayar da shi a gidajen abinci a ranakun da ba na biki ba, kuma olan da avial za su karɓi cikin Hajiya.

Uwar Biyu, Rafindaɗi, ta amsa:

Assalamu alaikum. Baba Malam, mun gode da wannan tarihi. Ni sana'ata abincin biki da na suna, kuma na koyi wasu daga cikin waɗannan abubuwa a wurin wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kerala da muka yi zaman gida ɗaya da ita a Jidda. Ina so in ɗan yi wa ɗan'uwanmu na Kalikut gyara, domin kada a je a gaya wa Hajiya sinasir za ta ci, ta sa a baki ta ji wani abu dabam. Siffar ɗaya ce, amma ɗanɗanon ba ɗaya ba ne. Sinasirinmu da albasa da ɗan tsami yake tafiya, appam kuwa zaƙin kwakwa ne yake fara dukan harshe. Gaskiyar magana ita ce duk wanda zai zauna a Kerala ba yaji ne jarrabawarsa ta farko ba, man kwakwa ne. Da shi suke suya, da shi suke tashin miya, har ɗanyensa suke zubawa a kan avial bayan an sauke. Mu da muka saba da man gyaɗa, kuma muka san man kwakwa a matsayin na shafawa a gashi, hancinmu yakan yi gardama kwana biyu ko uku. Shawarata ita ce tun yanzu ƙanwarka ta sayi kwakwa wajen masu baro, ta gurza da abin gurza kuɓewa, ta tace madarar ta riƙa sa wa Hajiya kaɗan a kunun shinkafa, domin bakinta ya saba kafin tafiya.

Da na dawo Katsina na gwada puttu da gwangwanin madara da na huda gindinsa da ƙusa. Karon farko na cika wa garin ruwa kamar zan yi ƙullu, tururi ya kasa ratsawa, abin ya fito dunƙule guda, waje ya nuna ciki ɗanye, yarana suka ce tuwon gwangwani na yi. Sirrinsa shi ne na dambu: idan ka damƙi garin ya haɗe, idan ka taɓa shi da yatsa ya warwatse, to ruwan ya isa. Appam kuma na kwaɓa shi da daddare a watan Afrilu na bar shi har safe kamar yadda aka koya mini, zafin garin nan ya sa ya yi tsamin da ko almajiri ba zan iya ba wa ba. A lokacin bazara awa huɗu ta ishe shi.

Tun da ba a amsa maka batun kayan marmari da tsaraba ba, bari in taɓa shi. Da la'asar sukan sha shayi da soye-soye a ƙananan shaguna. Wanda ya fi shahara shi ne pazham pori, nunanniyar ayaba irin ta nendran, mai kama da agada, a yanka ta a tsaye a tsoma a ƙullun fulawa a soya. Akwai parippu vada, wanda za ka iya kira ƙosansu, sai dai da ɓarzajjen wani ƙaramin wake ake yi kuma yana da tauri, ba zai yi wa mai raunin haƙori daɗi ba. Wanda ya fi burge ni shi ne unniyappam, domin a kasko mai gurabu irin tandarmu ake soya shi. Ƙullun shinkafa ne da mazarƙwaila da ayaba da riɗi da 'yan gutsattsarin kwakwa da aka soya a man shanu, ya fito ƙanana launin ƙasa. Na yi shi a tandar waina a wani suna a Ƙofar Ƙaura, kafin a ɗauke faranti mata uku sun karɓi lambata. Musulminsu kuma suna da unnakaya, ayabar da aka dafa aka kirɓa aka cusa mata kwakwa da sukari aka soya, wadda ba a rasa ta a buɗa-baki.

Tsarabar da ba ta lalacewa a hanya ita ce upperi, ɗanyar ayaba da aka yanka fale-fale aka soya a man kwakwa da gishiri, da 'yar'uwarta sharkara varatti mai kauri da aka tulluƙe da mazarƙwaila da busasshiyar citta.

Tsohon Ɗalibin Kalikut ya sake amsawa:

Hajiya Uwar Biyu, na karɓi gyara, mai tanda ta fi mai ci sanin waina. Batun man kwakwa gaskiya ne, ni ma sai da na yi kusan wata guda kafin in daina jin sa. A kan tsaraba zan ƙara halwar Kalikut, wadda sunanta da alewarmu daga kalmar Larabci ɗaya suka fito. Ana yin ta da fulawa da sukari da man kwakwa, tana da danƙo da sheƙi, ana yanka ta daga manyan dunƙule a auna a kilo. A Kalikut akwai titi guda da ake kira Mittayi Theruvu, wato titin alewa, amma a Koci ma za ku same ta a shagunan burodi. Ku nemi baƙar, ta mazarƙwaila.

Ɗan Ƙofar Marusa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba Malam lafiya da nisan kwana. Jiya bayan sallar isha'i na karanta wa Hajiya amsoshinku gaba ɗaya. Labarin rogo ne ya fi kama ta, har ta sa na maimaita mata sunan sarkin nan sau biyu. Ƙanwata ta sayo kwakwa biyu yau da safe, za a fara da kunun shinkafa kamar yadda Uwar Biyu ta ce. Sai dai Hajiya ta kafe a kan cewa garin kuka da daddawa za su shiga akwati ko da za a rage zannuwanta, kuma masaukin da muka kama yana da wurin girki. Saura in ji ko garin shinkafar da ake yin puttu da shi zai tuƙu ya yi tuwo, ko kuwa sai mun nemi shinkafar mu kai niƙa da kanmu.